Aiki daga gida, albashi da dala: yadda ake gina shi tun daga tushe

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Daga nan lissafi ya canza. Wanda yake karɓar dala 500 a wata yana zaune a ɗakinsa a Kano ko Zariya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau goma. Shi ya sa zancen "aikin intanet" ya cika majalisun samari da gidajen biki, kuma shi ya sa masu sayar da kwas suka yi yawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutumin da zai ɗauke ka aiki daga Landan ko Dubai bai san gidanku ba, bai san malaminka ba, ba shi da wanda zai tsaya maka. Abu ɗaya yake tsoro: ya ba ka aiki ka ɓace, ko ka kawo masa shirme a makare. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta cire masa wannan tsoron. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya miƙa wa sabon yaro makullin shago ranar farko, sai ya aike shi da ƙaramin kuɗi ya ga ko canji zai dawo daidai. Haka wannan harkar take tafiya, sai dai a nan komai a rubuce ake gani.

Mataki na farko: sana'a ɗaya, wadda ake biya

"Aikin intanet" ba sana'a ba ce. Intanet wuri ne, sai ka je da abin da za ka sayar. A nan yawancin mutane suke ɓata shekara: yau zane, gobe kirifto, jibi rubuta manhaja, a ƙarshe ba wanda suka iya har a biya su.

Ayyukan nesa sun kasu kashi biyu. Akwai masu sauƙin shiga: shigar da bayanai, mayar da magana rubutu, yi wa hotuna da jimloli alama domin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, amsa saƙonnin kwastomomi. Akwai kuma masu wuyar shiga: rubuta manhaja, nazarin bayanai, tsara fuskar manhaja, tsaron intanet, tallan da ake auna cinikin da ya kawo, riƙe wa ƙananan kamfanoni littafin kuɗi da manhaja irin QuickBooks ko Xero, gyaran bidiyo na ƙwararru. Na farkon suna kawo kuɗin data da na cefane, amma duk abin da za ka koya cikin mako biyu, wani a Manila ko Dhaka ma ya koya, kuma zai karya farashi. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan rubutu da fassara su suka fara jin jiki. Kuɗi mai kauri yana kashi na biyu.

Ka dubi abin da ya faru da Andela, kamfanin da aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasan Afirka rubuta manhaja da haɗa su da kamfanonin waje. A watan Satumban 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce kasuwa gogaggu take nema. Daga lokacin zuwa yau wannan lamari ƙaruwa ya yi. Wanda ya tsaya a matakin ɗan koyo zai daɗe yana jiran kira.

Yadda za ka zaɓa ba wuya. Buɗe LinkedIn, ko We Work Remotely, ko Remote OK, ka karanta tallan aiki talatin na sana'ar da ta kwanta maka. Ɗauki biro ka rubuta abubuwan da suke ta maimaituwa a cikinsu. Idan nazarin bayanai ne, za ka ga Excel da SQL da Power BI ko Tableau, sau da yawa har da Python. Wannan jerin shi ne manhajar karatunka, kasuwa ce ta rubuta maka, ba mai sayar da kwas ba. Kuma kada ka yar da abin da ka riga ka karanta. Wanda ya yi akanta ya fi kusa da riƙe littafin kuɗi. Malamar makaranta ta fi kusa da tsara darussa. Wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri ya riga ya san tattara bayanai da rubuta rahoto, abin da ya rage masa kaɗan ne.

Hausa ma jari ce, amma a faɗi gaskiya game da ita. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma yau kamfanoni suna neman masu jin Hausa don fassara, naɗar murya da duba amsoshin na'ura. Irin wannan aiki yakan zo da ƙarfi wata biyu, sai ya ɗauke ba sallama. Ka karɓe shi idan ya zo, kada ka ɗora masa kuɗin haya. Wanda yake cin moriyarsa sosai shi ne mai Hausa da wani fanni a hannu: fassarar harkar lafiya, ko shari'a, ko sanin yadda ake sarrafa bayanan harshe. Arewa Data Science Academy da ƙungiyar Masakhane wurare ne da za ka sami masu wannan harka.

Mataki na biyu: koyo

Kusan duk abin da kake buƙata kyauta ne ko kusa da haka. Akwai freeCodeCamp ga mai son rubuta manhaja, akwai CS50 na Jami'ar Harvard, akwai kwasa-kwasan Google a Coursera, inda ake iya neman tallafin kuɗin karatu. A gida akwai shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA. Zaɓi ɗaya ka gama shi. Awa biyu kullum bayan asuba ta fi kwana guda cur a ƙarshen mako, kuma ka shirya wa watanni, ba makonni ba. Satifiket yana da amfani kaɗan. Abin da ka gina lokacin karatun shi ake tambaya.

Mataki na uku: Turancin aiki, musamman a rubuce

Wannan shi ne wurin da na ga haziƙan yaranmu suna faɗuwa, bayan sun iya aikin. Ba lafazi ne matsalar ba, ba wanda ya damu ka yi magana kamar ɗan Landan. Matsalar ita ce saƙon da ba a gane inda ya dosa. Kamfanoni irin GitLab da Automattic, waɗanda ma'aikatansu suke warwatse a duniya ba ofishin da ake taruwa kullum, a rubuce suke tafiyar da kusan komai. GitLab ma littafin ƙa'idojin aikinsa a buɗe yake a intanet, kowa na iya karantawa, kuma makaranta ce ga mai son ganin yadda suke rubuta saƙo.

Akwai al'adarmu mai kyau da take ba da matsala a nan. Mu mukan yi sallama, mu jira a amsa, mu tambayi gida da gajiya, sannan mu shigo da magana. Idan ka aika wa shugaban aikinka gaisuwa kaɗai ka tsaya jira, alhali shi yana barci a wata nahiya, ka ɓata yini guda. Gaisuwa da buƙata da bayani duk a saƙo ɗaya suke tafiya. Ga ma'anar irin saƙon tashi daga aiki da ake so: "Na gama shafin biyan kuɗi, ga mahaɗin. Na lura idan kati ya ƙi karɓuwa ba a nuna wa mai saye dalili. Hanya biyu ce ta gyara, ni na fi son ta farko don ta fi sauri. Idan ban ji daga gare ka ba, gobe da safe zan kama ta farkon." Layi huɗu, amma mutumin ya san inda aka kwana, ya ga ka hango matsala da kanka, kuma bai zama dole ya biyo ka ba.

Abu na biyu shi ne kunya. An raine mu kan kada a yi wa babba musu, kada a ce masa ba a gane ba. A wannan aikin, "to" ɗin da ba ka gane ba ita ce take kore ka. Tambaya ba raini ba ce a wurinsu. Idan aiki zai makara, ka faɗa tun kafin ranar, ba bayan ta wuce ba.

Ga 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Garwa, Faransanci ƙofa ce tata daban. Akwai dandalin ComeUp na masu aiki da Faransanci, kuma masu neman aiki a can ba su kai yawan na ɓangaren Turanci ba. Sefa kuma ɗaure take da yuro kan 655.957, don haka lissafin canji ba ya rawa kamar na naira.

Mataki na huɗu: wuta da sabis

Kwastoma zai yi maka uzurin "an ɗauke wuta" sau ɗaya. Na biyu zai fara neman wani. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ranar 14 ga Maris na shekarar kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma sai da suka ji a jikinsu. Wanda bai yi tanadi ba ya rasa aiki a waɗannan ranaku.

Ba sai ka sa wa gida duka sola ba. Yi lissafin abin da aikin kawai yake ci. Kwamfutar cinya takan ja wat 45 zuwa 65, na'urar raba intanet wajen 10. A awa takwas, wat-awa 600 ke nan ko ƙasa, wato wat sau awoyin aiki. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma idan irin na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batir ɗaya da faifan sola ɗaya ko biyu da ƙaramar inbata sun riƙe maka yinin aiki, muddin ba ka jona firji da dutsen guga ba. Fanka kuwa, duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san sai an sa ta a lissafi.

Layin waya biyu na kamfanoni daban, ka gwada su a ɗakin da za ka zauna, ba a bakin titi ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana da kyau amma da tsada, ka bar shi sai aikin ya fara biyan kuɗinsa. Kwamfuta kuwa, ta hannu ta isa. Idan ka je kasuwar Beirut Road ko Farm Centre a Kano, nemi mai RAM 8 zuwa sama da ma'ajiyar SSD, ka cire caja ka zauna ka ga yadda batirin yake sauka kafin ka biya. Ka haɗa da abin kunne mai makirfo. Kukan janareton maƙwabci a taron bidiyo ya fi duk wani kuskuren nahawu ɓata maka suna.

Mataki na biyar: hujja

Kafin ka nemi aiki, ka tanadi ayyuka uku da za ka nuna. Kada su zama irin na kwas da dubban mutane suka kwafa. Je wurin mai kemis ɗin unguwarku, ko makarantar Islamiyya, ko 'yar uwarka mai sayar da atamfa a Instagram, ka warware musu matsala ta gaske. Sai ka rubuta shafi guda: ga yadda abin yake da, ga abin da na yi, ga abin da ya canza. Nemi su rubuta maka layi biyu na shaida. Mai manhaja ya sa nasa a GitHub, mai zane a Behance, kowa kuma ya gyara LinkedIn ɗinsa da hoto mai haske da layi ɗaya da ke faɗin abin da yake yi da wanda yake yi wa.

Mataki na shida: kwastoman farko

Hanya uku ce. Akwai kasuwannin 'yan kwangila irin Upwork da Fiverr. Akwai neman aiki na dindindin a kamfani. Akwai kuma ta hannun mutane, wadda ita ce ta fi kawo aiki mai kyau, ko da yake ta fi jinkiri.

A Fiverr kai ne kake baje kaya a zo a saya, kuma suna cire la'adar kashi 20 cikin 100, sannan kuɗin yakan yi kwana 14 kafin ya fito. Aikin dala 500, dala 400 ce taka. A Upwork kai ne kake bin tallan aiki, kuma kowace buƙata da ka tura tana cin wasu maki da ake saye da kuɗi, don haka watsa buƙata barkatai asara ce. La'adarsu ta sha canzawa, ka duba ta kafin ka yanka farashi. Amfanin wuraren biyu shi ne, a aikin da aka yanka wa farashi, kuɗin yana hannunsu kafin ka fara, ba za a ci guminka a gudu ba.

Wajen rubuta buƙata, kada ka fara da tarihinka. Fara da matsalar mai aikin, a layin farko, yadda zai gane ka karanta tallansa. Nuna masa aiki ɗaya mai kama da nasa, ka faɗi abin da za ka fara yi da ranar da za ka kawo, ka rufe da tambaya ɗaya mai ma'ana. Ayyuka biyu ko uku na farko ka karɓe su da sauƙin farashi don tara shaida, amma ka sa wa kanka iyaka. Wanda ya saba da arha, masu son arha ne za su yi ta zuwa masa, kuma su ne suka fi kowa ƙorafi.

A tallan kamfanoni, duba inda aka ce ana ɗauka. Da yawa suna cewa aikin nesa ne amma sai mazaunin Amurka. Nemi waɗanda suka ce ko'ina a duniya, ko yankin Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A nan agogo yana tare da mu. Lokacin bazararsu, agogon Landan da na Kano ɗaya ne, da hunturu kuma na Paris da Berlin ne ɗaya da namu. Riyad tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku. New York kuwa tana bayanmu da awa biyar ko shida, wato ƙarfe tara na safensu biyu ko uku ne na rana a nan, kuma za ka tashi aiki goma ko sha ɗaya na dare. La'asar da magariba da isha duk a cikin lokacin aiki za su same ka. Ka toshe waɗannan lokutan da na Juma'a a kalandar aiki tun makon farko, ka faɗa a fili. Galibi ba sa damuwa idan sun sani tun da wuri.

Wata gajeriyar hanya da ake tallatawa ita ce hayar asusun wani Ba'amurke da ɓoye inda kake. Kada ka soma. Ranar da aka ce a tabbatar da fuska da katin shaida, asusun zai rufe da kuɗinka a ciki, kuma duk shaidar da ka tara da sunan wani ka tara ta. Haka nan duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista, ko na kayan aiki, ko ka zuba kuɗi a Telegram don a buɗe maka "ayyuka", damfara ce. Wanda ya ce a turo kuɗi asusunka ka tura wa wani kuwa, kai za a kama.

Mataki na bakwai: yadda kuɗin zai iso

Buɗe hanyar karɓa kafin aikin ya zo. Payoneer yana aiki da Upwork da Fiverr. Akwai Grey da Raenest (wadda a da ake kira Geegpay) da ke ba da lambar asusun dala ko fam ko yuro. Akwai asusun dala na banki, inda za ka iya cirewa ka kai Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, idan farashinsu ya fi. Kamfanoni da yawa kuma ta Deel ko Remote suke biya. Sunan da ke kan NIN da BVN da fasfo da asusun aikinka ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe maka kuɗi makonni. Kamfanin Amurka zai ba ka fom mai suna W-8BEN, shaida ce kawai cewa kai ba mai biyan harajinsu ba ne. Kwastoman da kuka haɗu kai tsaye kuwa, rubutacciyar yarjejeniya da rabin kuɗi a gaba.

Mataki na takwas: daga ɗan abin cefane zuwa albashi mai kauri

Awoyin yini ba sa ƙaruwa, farashin awa ne yake ƙaruwa. Mai karɓar dala 5 a awa, ko ya yi awa 40 a mako, dala 800 zai gani a wata kafin la'ada. Mai karɓar 25 ya sami 2,000 da rabin wannan lokacin. Abin da ke raba su yawanci ƙunci ne na fanni. "Ina gina shafin intanet" dubbai ne suke faɗa. "Ina gyara shagunan intanet na Shopify masu nauyin buɗewa" kaɗan ne, kuma mai shagon ya san nawa jinkirin yake ja masa. Bayan ayyuka goma na farko, duba wanne ne ya fi biya kuma ya fi maka sauƙi, ka tattara a kansa.

Ƙara farashi a kan sabon kwastoma tukuna, tsohon kuma ka ba shi sanarwar wata guda. Duk wanda ya yaba aikinka, ka tambaye shi ko ya san wani mai irin buƙatarsa, a ranar da ya yaba, ba bayan wata uku ba. Wanda kuke aiki kullum, ka kawo masa shawarar biyan wata-wata. Kuma kada kwastoma ɗaya ya zama shi ne duk abincinka, don ɗan kwangila da imel guda ake sallamarsa. Ba fansho, ba inshorar lafiya, ba albashin hutu, sai abin da ka ware da hannunka. Tara kuɗin wata uku zuwa shida kafin ka canza waya, kuma kada ka kai shi inda ake alƙawarin ninkawa. Waɗanda CBEX, manhajar zuba jari ta bogi, ta rufe da kuɗinsu a Afrilun 2025 suna nan da rai.

Sai gida. Mutumin da yake ɗaki yini guda, a idon dangi ba shi da aiki, shi za a aika kasuwa, shi zai kai Hajiya asibiti. Zauna da su ka bayyana lokutanka kamar na mai zuwa ofis. Ga matar aure ko budurwa a gaban iyaye, wannan harka ta dace ƙwarai, amma ki yi maganar tun farko da maigida ko Baba, har da batun taron bidiyo da maza abokan aiki da na dare, ki kuma nemi wanda zai riƙe yara a awannin taro.

Unguwa kuma za ta yi magana. Saurayi da kwamfuta da dala, ba a ganin fitarsa, sai a ce ɗan yahu ne, wani lokaci har a shingen bincike. Ajiye kwafin yarjejeniyarka da takardun biyan kuɗi a waya da kuma a takarda. Waɗannan takardun za su sake yi maka amfani wajen haraji: sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki daga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara, abin da ya haura kuma ana biya ko da daga waje kuɗin ya zo, kuma hukumar harajin jiharka ce take karɓa. Buɗe shafin Excel guda tun daga dalar farko: rana, sunan kwastoma, adadin dala, farashin canji na ranar, da abin da ka kashe kan data da wuta da kayan aiki.